Yadda Tasi'u Ya Rabar da Kayan Jegon Raihana

Ku matso nan. Babba, kai da bakina ba ya kama sunanka, zauna a gaba. Ramla, sauke yaron nan ki saurare ni. Uzairu, kife wayar nan ko in jefa ta a randa, don a 'yan kwanakin nan na ƙoshi da waya har wuya. Ban taro ku daga Kano da Zariya don ku ci tuwona ku karkaɗe riga ba. Shari'a ce tsakanina da kawunku Tasi'u. Ga shi can a zaure yana tarin ƙarya don a san yana nan. Ku bar shi ya yi ta yi.

Kun san ni. Tun kafin a haifi wasunku nake dakan yaji a garin nan na Yako. Ban shiga aji ba, amma ban taɓa tauye mudu ba, kuma ba a taɓa buɗe kwanona a gidan mutane na sunkuyar da kai ba. Ba ni da gona, ba ni da shanu. Sunan nan shi ne garkena. To shi kawunku ya ɗauka ya ɗaure a bayan mashin.

Tunda ya dawo daga Legas da waya mai faɗin faranti da wata riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi, bakinsa bai huta ba. Kun tuna kiwon zomayen da ya yi, suka haƙa rami suka koma gonar maƙwabta. Wannan karon masu shaguna ya tara a rumfata: Inuwa mai tireda, da Hamdiyya mai kayan kwalliya, da Rufa'i mai maganin dabbobi. Ya hau turmina ya tsaya.

"Jama'a," in ji shi, "zaman jiran mai saye ya ƙare. Yanzu mutum yana kwance zai danna waya, ya ga kayanka a intanet, ya biya, ya turo alamar inda yake a taswira, ni kuma in kai masa har ƙofar ɗaki."

Inuwa ya ce, "Har ɗakin matan aure?"

"Ƙofar gida nake nufi, kai ma ka sani."

Na ce, "Sauko min daga turmi tukuna. To kwatance fa? Wa zai nuna maka gidajen?"

Ya yi dariya har da dafa ciki. "Yaya ke nan! Bayan kukar wane, kusa da rijiyar wance, ai wannan na mutanen da ne. Ni tauraron ɗan'adam ne zai ja ni."

"Tauraron nan ya taɓa bin hanyar Ɗansoshiya da damina?"

"Daga sama yake gani."

"Shi ya sa. Ai daga sama laka ba ta da zurfi."

Ya raɗa wa abin suna Kamfanin Ƙiftawar Ido. Ya kafa dokoki. Farashi ɗaya ne, ba ciniki. Kaya a ƙulle suke a leda, ba a buɗewa sai a hannun mai su. Sannan akwai sirri: abin da mutum yake jin kunyar saye a fili, ya saya ta waya, ba wanda zai ji.

Na ce, "Gyara fa? Ɗan abin da ake ɗora wa mai saye a kan awonsa?"

Ya ce, "Intanet ba ta san gyara ba."

Na ce, "To za ta sani."

Gaskiya ɗaya ce, dabarar ba ta da laifi. Hamdiyya ta sa hoton turarenta, har daga Bebeji aka nema. Rufa'i ya samu makiyaya. Miyar ta yi, mai ɗaukar kwanon ne ba shi da ƙafa.

Ana cikin haka ƙanwarku Raihana ta sauka lafiya a gidan mijinta a Tudun Wada. Kun san surukarta, Hajiya Furera. Matar da take auna kyauta da ido kafin a sauke ta daga kai. Ran bikin Raihana ba murfin da ba ta ɗaga ba. Don haka na zage na haɗa kayan jego irin wanda zai rufe mata baki. Yaji bokiti guda, na daka shi da citta da kanumfari da masoro da kimba har hannuna ya yi kanta. Daddawar kalwa mai kyau. Man shanu a ƙwarya. Garin kunu, da kanwa ungurnu. Na jera su a babban bahon nan, na rufe da sabon zane.

Ranar suna da safe motar da za ta kai mu ta cika da mata, direba ya ce baho sai dai a sama tare da awaki. Ina cikin musu da shi sai ga Tasi'u a kan mashin ɗinka, Babba, wanda ka ajiye a zaure ka ce kada kowa ya taɓa.

"Haram, Yaya! Kayan 'yata tare da awaki? Ai yau ne ranar farko ta Ƙiftawar Ido. Ina da 'yan saƙonni a gefen Ɗansoshiya, in sauke in miƙe. Kafin ki sa ƙafa a Tudun Wada baho yana can yana jiranki."

Na ce a'a. Kafin in rufe baki ya riga ya ɗaure shi da roba a kan akwatin saƙonninsa. Direba yana ta oda, mata suna ta "Habiba ki shigo," shi kuwa ya tayar da ƙura.

Kada ku ce ina na san abin da ya faru a hanya. Shi da kansa ya rataya wayar a ƙirji tana ɗaukar bidiyo, wai don talla. Hamdiyya ta nuna min daga farko har ƙarshe. Ban taɓa ganin ɓarawon da ya tafi sata da maroƙinsa ba sai kawunku.

Yana tafe yana wa wayar surutu. "Masu kallo, ku duba ikon kimiyya. Duk kwastomomin ƙauyen nan alamarsu ta faɗa wuri ɗaya. Da gani babban gida ne, wataƙila na mai unguwa." Ya ratsa dawa, ya ratsa gero, ya bi wata 'yar hanya da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi. Can muryar nan ta cikin waya ta ce masa ya iso.

Ya tsaya. Ba gida, ba danga. Suri ne ƙato a tsakiyar gona, da bunsuru a samansa yana tuƙa.

Ya yi sallama. Wallahi ya yi wa suri sallama, har sau biyu.

Wani mai noma ya ɗago ya ce, "Malam, gara kake nema?"

"Ina neman kwastomomina. Taswira ta ce nan suke."

"Ai nan suke zuwa. Duk ƙauyen nan ba inda waya take kama sabis sai kan surin nan. Mai kira nan yake hawa, mai tura saƙo nan yake hawa. Ko ni jiya na hau."

Mai hankali zai ce, "To nuna min gidajensu." Amma wanda ya zagi kwatance a gaban mutane yaya zai roƙe shi? Sai ya kori bunsuru, ya hau surin, ya zaro wata 'yar lasifika irin ta masu maganin gargajiya. Ya shiga kira. Kafin ka ce kwabo ƙauye ya fito, maza da yara da tsofaffi, an zaci allurar rigakafi ce ko rabon taki.

"Malam Ɗahiru! Ina Malam Ɗahiru?"

Wani dattijo ya matso, gemunsa baƙi wuluk kamar gindin tukunya. Ashe mutumin nan ya yi shekara da shekaru yana gaya wa ƙauye cewa su gidansu ba a furfura, gado ne.

Tasi'u ya ɗaga kwalba sama, ya ce a lasifika, "Maganin rina furfura, babbar kwalba, daga shagon Hamdiyya! Ga shi cikin sirri!"

Sai wani tsoho daga baya ya ce, "Ashe gadon a kwalba yake zuwa."

Malam Ɗahiru ya ce, "Ni? Ni na aike ka?"

"Ga sunanka, ga lambarka, har ka ce a kawo irin na wancan karon."

"Ban san ka ba, ban san Hamdiyya ba, ban san wayar ba! Jikoki ne suke wasa da ita!" Ya ja babbar riga ya rufe haɓa, ya bi ta cikin gero, yara suna binsa. Kwalba ta koma akwati.

Sai aka kira wata tsohuwa, Iya Ummulkhairi, mai sabulu da gishiri daga shagon Inuwa. Ta karɓi leda, ta jinjina, ta juya ta, ta miƙa hannu.

Tasi'u ya ce, "Iya, an gama."

"Ina gyara?"

"Iya, wannan cinikin intanet ne. Ba gyara."

"Ɗan nan, ni na fi Intanet ɗin shekaru, ko 'yar gidan wace ce. Inuwa da kansa in na je yakan ɗora min ƙulli. Saye ba gyara ai ƙwace ne. Ungo kayanka."

Sauran da suka karɓi nasu suka fara ajiyewa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ga waya tana ɗauka. Ga mutumin da ya ce zai kai kamfani har Doguwa. Na ga hannunsa a bidiyon yana lalube, har ya sauka a kan zanen bahona.

"Masu kallo," in ji shi, "Ƙiftawar Ido ba ta rabuwa da kwastoma cikin ɓacin rai."

Ya buɗe bokitin yajina ya dumbuza mata. Yajin jegon 'yata. Tsohuwa ta lasa, ta lumshe ido, ta ce, "Kai, wannan hannun manya ne. Ƙaro."

Shi ke nan, an ɓalle. Mai allura ya karɓi gyara. Mai batir ya karɓi gyara. Wata ta ce ita ba ta son yaji, ya ba ta daddawa. Mai noman nan ya ce shi ne ya yi bayanin suri, ya samu nasa. Wani ya ce bai sayi komai ba amma yana da niyya. Tasi'u ya ce niyya ma ciniki ce, ya zuba masa a hula. Har bunsurun ya dawo ya sa baki a garin kunu, kawunku yana ta jawabi bai gani ba.

Daga nan ya nufi ruga, zai kai wa wani makiyayi dunƙulen gishirin lasar shanu daga shagon Rufa'i. Tauraro ya ja shi har wurin, ba kuskure ko taku ɗaya. Ya tarar da turaku da toka da kashin shanu. Wani Bafulatani da ke wucewa da sanda a kafaɗa ya tsaya yana kallonsa.

"Sannu, baƙo. Jam?"

"Ina mutanen nan? Taswira ta ce nan suke!"

"Da nan suke. Sun tashi, sun yi kudu."

"Ba su gaya wa kamfani ba!"

"To ai shanu ba sa jiran waya."

Ya ce zai cim musu ta fadama. Bafulatanin ya ce kada ya bi, ruwa ya kwanta. Ya ce shi daga sama ake nuna masa. Bai yi nisa ba mashin ɗinka, Babba, ya nutse har wurin zama. Masu shukar shinkafa suka zo suka ciro shi. Ladansu? Daddawata. Rana ta narkar da man shanu, ya tsiyaye ta bayan rigarsa ya sauka a kan salansa, ya tashi da ƙamshi kamar ana suyar biki, karnukan ƙauye suka rako shi har bakin kwalta. Can mai ya ƙare. Ɗan bumburutu ya ce ba ya karɓar kuɗin waya, sai na hannu. Aka daidaita a kan ragowar garin kunu da kanwa.

A nan ne ya ɗaga zane ya leƙa baho. Na ji muryarsa ta yi ƙasa: "Innalillahi." Kun san me ya yi? Ya cire rigar ruwansa ya dunƙule a ƙasan baho. Ya ɗora gishirin shanu. Ya ɗora kwalbar Malam Ɗahiru. Ya kafa bokitin yaji a tsakiya, ya ja zane ya rufe, ya daddanna gefe. Ya ce wa wayar, "Masu kallo, a kasuwanci abin da ido ya fara gani shi ne rabin ciniki."

Ni kuwa ina Tudun Wada tun hantsi. An raɗa suna, an ci, an sha, mata sun cika tsakar gida. Hajiya Furera tana zaune a kujera, furfurarta ta leƙo ta gefen ɗankwali, tana min fara'ar da ta fi zagi ciwo.

"Hajiya Habiba, ko kayan namu ta jirgi za su zo?"

Na ce, "Suna tafe, Hajiya."

"Ai ba komai. Mai jego ta sha ruwan zafi, shi ma abinci ne."

Sai bayan la'asar muka ji lasifika a ƙofar gida: "Ƙiftawar Ido ta iso! A buɗe hanya!" Ya shigo, laka har gwiwa, maiƙo har ƙeya, baho a ka. Mata suka ɗauki guɗa. Na ji sanyi a raina, don daga waje baho ya yi tozo.

Kun san al'ada, kayan jego ba a shigar da su ɗaki a rufe. Zuwaira, ƙanwar Hajiya Furera, ita ta durƙusa za ta ɗaga su ɗaya-ɗaya kowa ya gani. Ta yaye zane. Ta ɗauki bokiti da hannu biyu don ta zaci nauyi, saura kaɗan ta faɗi da baya. Ta buɗe, ta karkata shi. Yajin da ya rage ko ƙwai ɗaya ba zai ishe shi ba.

Mai guɗa ta tsaya a rabi, kamar an shaƙe zakara.

Zuwaira ta ɗago ƙwaryar man shanu, wayam, sai ƙuda ɗaya da ya mutu a ciki. Ta ɗago gishiri, ja, mai rami a tsakiya, ga hoton saniya a jiki.

Wata ta ce, "Wannan na mai jego ne ko na jariri?"

Tasi'u ya ce, "Yana ƙara nono."

"Na wa?"

Dariya ta ɓarke. Ni dai na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Zuwaira ta ɗago kwalba. Ita ta yi makaranta, sai ta karanta da ƙarfi, tana bin baƙi da yatsa: "Maganin rina furfura."

Duk idon gidan ya koma kan ɗankwalin Hajiya Furera. Ita kuma ta dube ni.

"Hajiya Habiba, wannan saƙon nawa ne ke nan?"

Kafin in buɗe baki kawunku ya rigaye ni. "Kyauta ce daga kamfani, Hajiya. Mukan duba buƙatar kwastoma."

Na tashi da muciyar da ke kusa da ni. Mata uku ne suka riƙe ni. Raihana tana kuka a ɗaki, jariri yana taya ta. Shi kuwa ya gyara tsayuwa, ya miƙa hannu, wai tukuicin ɗan aike.

Hajiya Furera ta ce, "Ai dole." Ta ɗauki gishirin shanu ta ɗora masa a tafin hannu. "Ka lasa a hanya." Ta sa yara suka raka shi da waƙa har bakin titi. Kwalbar kuwa ta ce a bar ta, za ta ajiye shaida, duk wanda ya zo barka ta nuna masa irin surukan da Allah ya haɗa ta da su.

Na dawo gida. Na sake dakan yaji, na sake haɗa komai fiye da na farko. Da aka kwana biyu na ɗora baho a cinyata a cikin mota, na kai da kaina. Na shiga da shirin shan magana. Hajiya Furera ta tare ni, ta buɗe kaya, ta lasa yaji, ta ce madalla. Ta ja ni ɗaki. Tana sunkuyawa za ta shimfiɗa min tabarma, ɗankwali ya zame.

Baƙi wuluk. Kamar budurwa.

Na dube ta, ta dube ni. Ta gyara ɗauri a hankali. Ta rage murya ta ce, "Abin da ya wuce ya wuce, Hajiya. Mun zama ɗaya. Sai dai shaidar nan ta kusa ƙarewa. In ƙanin naki zai sake shigowa, ya taho da wata. Amma ya bar lasifikar a gida."

To kun ji inda muke. Na rantse a gaban mata Tasi'u ba zai ƙara taɓa ko murfin kwanona ba. Amma zaman lafiyar ƙanwarku yanzu a cikin kwalba yake. Ni ba zan shiga shagon Hamdiyya in saya ba, kafin in fito Yako ta ɗauka nawa ne. Malam Ɗahiru ya aiko a ɓoye, gemu ya fara tona shi, yana son kayansa ko a kai ni gaban mai gari. Mutanen surin nan kullum suna hawa suna kira, yajina suke so, amma sun ce sai dai mai gyara ya kawo. Shi kuma gogan yana zaure yana gaya wa Inuwa wai duk cikin tsari ne, talla ce irin ta Legas, har yana neman a sa hotonsa a jikin bokitina.

Babba, mashin naka ne, makulli yana ƙuguna. Ramla, ke kika san zafin gidan miji. Uzairu, kai ka san kan waya. Ku yanke: in karya rantsuwa in yi kaffara in ba shi makulli, ko in riƙe rantsuwata furfurar Hajiya ta dawo a kan Raihana? Ba wanda zai tashi daga tabarmar nan sai kun raba wannan gardama.

Maganar ɗankwalin nan kuwa, duk wanda na ji ta a bakinsa a waje, gishirin yana nan a zaure. Kawunku bai gama lashe shi ba.